Injin haɗa gahawa na kafso: Sayensa ba wuya, ciyar da shi ne aiki

Duk mai bibiyar bidiyoyin jeren amare a Instagram da TikTok ya san cewa kicin ya yi sabon baƙo a 'yan shekarun nan. Kusa da injin markaɗe da na gasa burodi, akan hangi wani ɗan ƙaramin inji mai baki kamar famfo, an jera masa wasu 'yan mitsi-mitsin gwangwanaye masu launi-launi a gefe, sai ka ce alewa.

Wannan shi ne injin haɗa gahawa na kafso. Ana ɗaga murfinsa a jefa kafso ɗaya, a rufe, a danna maɓalli. Kafin minti guda gahawa mai kauri da kumfa a sama ta tsiyayo cikin kofi. Babu awo, babu niƙa, babu tata, babu wankin tukunya.

Wasu daga Dubai suke zuwa da shi, wasu tsarabar Umara ce, wasu ɗan uwa ne ya aiko daga Ingila, wasu kuma a manyan kantunan Abuja da Legas suka gan shi ya burge su.

Abin da ba a cika ɗauka a bidiyo ba shi ne halin da injin ke shiga bayan 'yan watanni. Kafson da aka haɗo da shi sun ƙare, an je kanti an ji kuɗin kwali ɗaya mai guda goma, an dawo gida an lulluɓe injin da ƙyalle, an koma wa buta da garin Nescafé.

Injin ba shi da laifi, yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa, kuma yana yi da kyau. Matsalar ita ce yawancin masu saye suna ɗauka kayan kicin suka saya, a biya sau ɗaya a huta. Alhali kuwa yarjejeniya suka shiga ta biyan kuɗi kowace safiya, kuma da kuɗin ƙasar waje ake lissafinta.

Yadda abin ya samo asali

Gahawar da wannan inji ke kwaikwayo ita ce esfireso ta Italiya. Ana yin ta ne ta hanyar tura ruwan zafi da ƙarfi ya ratsa ta cikin garin gahawa mai laushi da aka danne, cikin kusan daƙiƙa 25 zuwa 30. A shagunan Italiya ƙarfin matsin yakan kai bar 9. Don a gane girmansa, iskar da ake bai wa tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da rabi ba. Wannan matsi ne ke fito da kauri da ƙamshi da kumfar nan mai launin ƙasa-ƙasa.

Yin hakan da hannu sana'a ce. Sai an iya niƙa, an iya awo, an iya dannawa, kuma injin kansa tsada ne da shi.

Wani injiniya a kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizalan mai suna Eric Favre shi ne ya yi tunanin ƙunshe duk wannan gwaninta a cikin ɗan gwangwani. An yi wa dabarar rajista a 1976, amma sai a 1986 aka kafa Nespresso. Da farko ofisoshi aka nufa da shi, kasuwa ba ta buɗe ba. Sai da aka juya akala zuwa gidajen masu hali, aka mayar da shan gahawar tamkar shiga wata ƙungiya ta musamman, sannan ciniki ya kankama. A 2006 aka ɗauko tauraron fina-finan Amurka George Clooney yana yi masa talla.

A cikin kowane kafso akwai garin gahawa kusan giram 5 zuwa 6, an rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Injin yana huda shi, ya tura ruwa da matsin da kamfanin ya ce yana kaiwa bar 19, gahawa ta fito ta ɗaya gefen.

Dabarar kasuwancin kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk mai shagon buga takardu a bakin jami'a. Firinta ba ta da tsada sosai, tawada ce ke cin riba. Haka nan ake sassauta kuɗin injin gahawa, domin an san duk wanda ya kai shi gida zai dawo neman kafso.

A zauna a yi lissafi

A Turai ana samun ƙaramin injin a kusan Yuro 100. Kafso ɗaya na asali kuma yana kusan rabin Yuro.

Mutumin da ke shan kofi biyu a rana zai ƙarar da kafso 730 a shekara, wato kusan Yuro 365. Cikin wata huɗu kuɗin kafso ya riga ya wuce kuɗin injin. Ko da an lissafa Yuro ɗaya a kan naira 1,500 kacal, abin ya haura naira 540,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata, ke nan gahawar safe da yamma ta mutum ɗaya ta cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da wata bakwai. Wannan kuma farashin Turai ne, kafin a ɗora kuɗin dako da na kwastan da ribar mai kanti.

Idan aka juya lissafin zuwa kilo sai abin ya ƙara fitowa fili. Kilo ɗaya na gari yana cika kafso kusan 180 zuwa 200. Ma'ana mai injin yana sayen kilon gahawa a kan Yuro 90 zuwa 100.

A watan Fabrairun 2025 farashin ɗanyar gahawa nau'in Arabika ya kafa tarihi a kasuwar New York, inda ya haura dala 4 a kan kowace laba, bayan fari ya taɓa gonakin Brazil. Wannan kusan dala 9 ke nan a kilo, a lokacin da duniya ke kukan tsada. Tazarar da ke tsakanin dala 9 da Yuro 90 ba ta manomi ba ce. Kuɗin gasawa ne da gwangwani da talla da suna, da kuma ladan sauƙin da aka samar wa mai sha.

Sannan akwai batun naira. Wanda ya sayi injinsa a farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Injin yana nan yadda yake, abincinsa ne ya ninka sau uku.

Masu kare injin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce wanda ya saba shiga shagon gahawa a Wuse ko Maitama kullum, kofi ɗaya a can ya fi kafso tsada nesa ba kusa ba, don haka injin rangwame ne a gare shi. Gaskiya ne. Ga irin wannan mutum, da likitan da ke fita asibiti da asuba, da wanda ya zauna a Turai har harshensa ya saba, injin ya biya kuɗinsa. Sai dai mutum nawa ne haka a cikin waɗanda ake jera wa shi a kicin? Yawanci mutanen shayi ne, waɗanda gahawa sai jefi-jefi.

Ba kowane kafso ke shiga kowane inji ba

Nan ne mutane da yawa suke yin asarar farko. Kafso ba kamar batirin tocila ba ne da za a saya a ko'ina a saka. Na Nespresso daban, na Dolce Gusto daban duk da cewa dukkansu na Nestlé ne. Na Lavazza daban, na Tassimo daban, na Keurig da ya mamaye Amurka shi ma daban.

Ko a cikin Nespresso ɗin ma gida biyu ne. Akwai tsohon samfuri, akwai kuma Vertuo da aka fito da shi a 2014, wanda kafsonsa ya fi faɗi kuma yana ɗauke da wasu zane-zane a bakinsa da injin ke karantawa kafin ya fara aiki. Na wannan ba ya shiga wancan.

Wannan ba haɗari ba ne. Shekara da shekaru Nestlé na shari'a da kamfanonin da suka yi ƙoƙarin yin kafson da zai shiga injinsa. Abin dariya ma, ɗaya daga cikin manyan abokan shari'ar shi ne Jean-Paul Gaillard, mutumin da ya taɓa shugabantar Nespresso ɗin kansa kafin ya fita ya kafa nasa kamfanin. A 2014 hukumar hana babakere a kasuwanci ta Faransa ta sa Nespresso ya yi alƙawarin daina toshe wa masu gasa da shi hanya. A shekarar ce kuma Keurig ya fito da injin da ke ƙin karɓar kafson da ba nasa ba, masu saye suka yi ca a kansa.

Amfanin wannan tarihi ga mai saye a Kano ko Kaduna ɗaya ne. Tsohon samfurin Nespresso yanzu kamfanoni da dama suna yi masa kafso, wasu da araha sosai. Wanda ya ɗauko inji mai kafso na musamman kuwa ya ɗaure kansa da kanti ɗaya, ko da jiran wani ya dawo daga tafiya.

Wuta da ruwa

An ƙera waɗannan injina ne don ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Yawancinsu suna jan wat 1,200 zuwa 1,500 a lokacin da suke dafa ruwa. Ba sa shan wuta da yawa a jimlace, tunda aikin na ɗan lokaci ne, amma jan farkon yana da nauyi. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauka ba. Ƙaramar inbata ta sola ma tana iya yin ƙara ta mutu.

Wanda aka aiko masa daga Amurka ko Kanada kuma ya duba bayan injin kafin ya jona. Na can an yi su ne don bolt 120, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙone shi.

Ruwa ma haka. Duk wadda ta taɓa ganin farin ɓawon da ke daskarewa a gindin butar lantarki ta san halin ruwan wasu rijiyoyin burtsatse. A buta ana kankarewa. A injin gahawa cikin siraran bututu yake taruwa, ruwa ya fara fita da ƙyar, zafi ya ragu, daga nan sai tsayawa. Shi ya sa ake so a riƙa zuba tataccen ruwa, a kuma wanke cikin injin da maganin da aka tanada duk bayan 'yan watanni. Shi ma maganin sayensa ake yi. Idan famfon ciki ya lalace kuwa, samun mai gyara da kayan gyara wani aikin ne, domin mai gyaran rediyo da fanka na unguwa bai saba da shi ba.

Ga wanda ya riga ya mallaka

Tunda an riga an saya, gara a ci moriyarsa yadda ya kamata. Kuskuren da aka fi yi shi ne na neman cika babban kofin shayi da kafso ɗaya. Esfireso mililita 40 ce kawai, bai fi kurɓi biyu zuwa uku ba. Babban maɓallin yana ba da kusan 110. Idan aka yi ta dannawa ruwa na bi ta cikin garin da ya riga ya ba da abin da ke cikinsa, abin da zai fito ɗaci ne salam. Mai son kofi cike sai ya tsiyayi esfireso ɗaya, ya ƙara ruwan zafi daga buta.

Mai son ta da madara ba sai ya sayi wani injin kumfa mai tsada ba. Ɗan abin kaɗawa mai batir ya wadatar. A ɗumama madara ta yi zafi amma kada ta tafasa, a kaɗa ta yi kumfa, a zuba a kan esfireso. Idan kumfar ta yi yawa an samu kafucino, idan madarar ce ta rinjaya an samu latte. Madarar ruwa ta fi yin kumfa mai kyau, amma ta gari ma tana yi idan an dama ta da kauri. A watannin zafi kuwa, esfireso ɗaya a kan ƙanƙara da madara mai sanyi ta fi yawancin lemon kwalba daɗi, kuma mutum shi ke iko da sukarinsa. Ɗan garin citta ko kanumfari a gindin kofi kafin a danna maɓalli yana kawo ta kusa da harshen gida.

Lambar da ake rubutawa a jikin kwali, 6 ko 9 ko 12, ba ma'aunin sinadarin kafin mai hana barci ba ce. Tana nuna yadda aka gasa gahawar ne da kaurin ɗanɗanonta. Kafso ɗaya yakan ƙunshi kafin miligiram 50 zuwa 100. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Da yake kofin ƙarami ne kuma yinsa ba wahala, mutum na iya shan biyar bai ankara ba.

Akwai kuma abin da injin ba zai iya ba ko da an bi duk ƙa'idojinsa. Kofi ɗaya yake yi, na mutum ɗaya. An ƙera shi ne don wanda zai sha a tsaye ya fita aiki. Gidan Bahaushe kuwa ba a san adadin masu shan shayin safe ba sai an gama. Baƙi takwas kafso takwas ke nan, ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda aka miƙa wa kurɓi biyu a gindin kofi zai tafi yana cewa an yi masa rowa.

Hausawan Sudan, a Kassala da Gadarif da Mai Wurno, sun san wata hanyar. Ana gasa 'ya'yan gahawa a kan gawayi a gaban baƙo, a daka, a dafa da citta a cikin 'yar tukunyar ƙasa da ake kira jabana, a yi ta zagayawa da ƙananan kofuna ana hira. Alhazai sun san ta Saudiyya da ake sha da dabino. A Nijar ma haka ake zaman shayi, dahuwa uku ba gaggawa. A duk waɗannan, jiran yana cikin abin da ake so.

Ina gwangwanin ke zuwa?

Kafso 730 a shekara shara ce. Wasu na alminiyom ne, wasu na roba, kuma kowanne yana fita da jiƙaƙƙen gari a cikinsa. A 2016 birnin Hamburg na Jamus ya hana sayen su da kuɗin gwamnati a ofisoshinsa. John Sylvan, wanda ya ƙirƙiro kafson Keurig, ya faɗa wa mujallar The Atlantic a 2015 cewa wani lokaci yakan yi nadamar abin da ya ƙirƙiro.

A Turai kamfanin yana karɓar tsofaffin kafso ya narkar. A nan kuwa ɗan jari-bola ba zai tsaya yana ɓare abin da alminiyom ɗinsa bai fi giram ɗaya ba, don haka bola ce makomarsa, ko kwata.

Sai dai a yi wa injin adalci. Wasu masu bincike a Jami'ar Quebec da ke Chicoutimi a Kanada sun nuna a 2023 cewa mafi yawan illar da kofin gahawa ke yi wa muhalli daga gona take, wajen taki da ban ruwa da sarrafawa. Da yake kafso yana auna gari da ruwa daidai, ɓarnarsa na iya gaza ta wanda ya cika tukunya ya zubar da rabi. Wadda ta fi kowacce sauƙin illa a lissafinsu, idan an bi awo, ita ce gahawar gari mai narkewa, wato irin wadda mai shayi ke kaɗawa a bakin titi.

Gahawar da ke Mambila

Abin da ya fi ciwo a wannan lamari ba a kicin yake ba. Suwizalan ba ta noma gahawa, amma tana cikin ƙasashen da suka fi samun kuɗi daga fitar da gasasshiyarta, kuma a masana'antu uku da ke can ake cika kafson Nespresso da ake sha a duniya. Najeriya kuwa tana nomawa.

A tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, inda tudu ya haura mita 1,500 kuma sanyi ke sauka, Arabika tana yi, irin nau'in da ake tsada da shi. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan tana da reshe a Kusuku da ke aiki a kan gahawa da ganyen shayi. Ana kuma nomawa a sassan Jihar Filato.

A 1986, shekarar da aka kafa Nespresso, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta koko wadda ita ce ke sayen gahawa. Bayan shekara uku, a 1989, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke daidaita yawan gahawar da ake fitarwa ta wargaje, farashi ya faɗi warwas. Manoman Mambila da yawa suka bar gonakin suka koma wasu amfanin. Habasha da Uganda sun riƙe tasu har ta zama babbar hanyar samun kuɗin waje. Najeriya ta koma sayen ta gwangwani.

Babu mai cewa mai injin kafso ne ya jawo wannan, ko kuma idan ya daina sha manomin Gembu zai yi arziki. Amma a yau akwai matasa a Legas da Abuja da Jos da ke sayen gahawar gida suna gasawa suna sayarwa, kuma abin da suka fi buƙata shi ne masu saye a kai a kai. Mutanen da ke da kuɗin sayen kafso su ne dai waɗannan masu sayen.

Hanyar haɗa biyun tana nan. Ana sayar da kafson ƙarfe da ake cikawa da hannu, a wanke a sake amfani da shi, kuma yana shiga tsohon samfurin injin. Sai an samu gari mai laushi daidai, kuma kumfarsa ba ta kai ta na kamfani ba, amma kilo ɗaya zai ba da kofi kusan 180.

Wanda bai riga ya sayi injin ba kuma, akwai butar moka da wani ɗan Italiya, Alfonso Bialetti, ya fito da ita a 1933. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, tururi ya tura gahawa sama. Matsinta bai kai na esfireso ba, amma tana ba da gahawa mai kaurin da za a yi kafucino da ita. Babbarta tana isar mutum shida a dahuwa ɗaya, ba ta zaɓen garin kowane kamfani, abin da ke lalacewa a jikinta zoben roba ne kawai, kuma tana hawa kan gas ko risho ko kurfoti.